Zaren Nilon da Ƙyallen Goro

Finyo na bakwai ke nan Zuwera ta ɓamɓaro daga farantin injin, kuma tun kafin ta kai shi gaban taga ta san bai yi ba. Abin da ya kamata ya fito sumul, ɗan faifai mai haƙora ashirin da huɗu, ya fito duk ƙuraje da ramuka, ga silin roba na yauƙi ta ko'ina kamar an ɗaga ludayi daga miyar kuɓewa. Ta sa babban yatsa ta danna haƙori ɗaya. Ya ɓalle, ko musu bai yi ba.

"Kai, wannan wace irin masifa ce!" Ta wurga shi cikin kwanon da sauran shidan suke.

Daga tsakar gida, ƙarƙashin itacen bedi, muryar mahaifinta ta shigo. "Uwata, masar ta nuna?"

"Ba ta nuna ba, Baba."

"To a ƙara mai. Wataƙila tandar ce ba ta yi zafi ba."

Haka Malam Halidu yake. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Zuwera, shi ya sa bakinsa bai taɓa kama sunanta ba, sai Uwata, amma wannan bai hana shi tsokanarta tun safe har magariba ba. Da can takan rama. A satin nan kuwa dariya ta ƙare mata.

Ga yadda abin yake. Malam Halidu tela ne, mutumin Maradi, shekara arba'in da ɗaya yana surfani a Yamai da keke ɗaya tak. Da shi ya riƙe rumfa a Babbar Kasuwa, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, da gwiwa ta fara ciwo ya dawo da shi gida nan Harobanda, masu son aikinsa suka riƙa haye gada suna biyo shi. Wata huɗu da suka wuce, wani ɗan finyo na roba da ke can cikin keken ya zubar da haƙora. Shi ke nan, keke ya tsaya. An zaga Babbar Kasuwa, an zaga kasuwar Katako, an aika Maradi, an aika Kano. Kowa ya juya guntun a hannu sai ya ce, "Baba, kamfanin da ya yi wannan ai ya daɗe da rufewa." Wani maƙeri ya yanka masa na tagulla, sai ya fara cin ƙarfen da ke kusa da shi, aka cire ba shiri.

Tun daga nan tsoho ya zauna, kuma zaman ya ci masa rai. Ran Juma'ar da ta wuce ya kira Garba, Bazabarmen nan mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ce ya zo ran Asabar ta mako mai zuwa da hantsi da amalankensa. Ya kuma faɗa wa Zuwera a sanyaye, yana ɓare goro: "Ba na kwana ɗaki ɗaya da gawa. In keken ya fita, ni ma Maradi na nufa, wajen ƙanena. Aiki ya kawo ni Yamai, ba kallon kogi ba." Duk wanda ya san Malam Halidu ya san ba ya faɗin magana sau biyu. Ita kuwa Zuwera, tun rasuwar Inna su biyu suka rage a gidan, kuma ba ta son ya tafi, ko kaɗan ba ta so.

Ba baƙuwar inji ba ce ita. Gyaran na'urori take yi a wata kilinik a unguwar Koira Kano, kuma bara ta sayi wannan injin da 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira amfirmanti turwa-de. Shi ba takarda yake bugawa ba. Zaren roba yake ja daga bobin, ya narkar da shi a wani ɗan baki mai zafi, ya yi ta shimfiɗa shi layi bisa layi har abin da ka zana a ordinatar, wato kwamfuta, ya tashi tsaye ka ɗauka da hannu. Ta yi wa maƙwabta hannun firigo da madannin fanka ba adadi. Ta ma yi finyon da robar da ake samu a gari, ya yi kwana biyu, zafi ya sa ya yi laushi, haƙoran suka kwanta. Sai ta rubuta wa Amadou, ɗan yayar Inna da ke aiki a waje, ya aiko mata da bobin ɗaya na zaren nilon ta hannun wani matafiyi. Nilon shi ne maganin abin, don zafi ba ya lanƙwasa shi, guga ba ta cinye shi da wuri. Bobin ɗaya ne dai, kuma ita ba ta san inda za ta samu wani a Yamai ba.

Abin haushin, finyon farko ya fito da santsinsa, sai dai gefensa ya ɗaga daga faranti ya karkace. Ta yi tsaki a gaban Baba ta ce, "Zaren nan taurin kai gare shi." Ta rufe bobin a bokiti mai marfi, ta tafi aiki washegari da niyyar in ta dawo ta shafa wa farantin kol, gam ɗin mannewa, ta gama. Tun daga ranar injin ya koyi wata sabuwar waƙa. Da zare ya shiga bakin sai ka ji tas, tas, tas, ɗan hayaƙi na fita, abin da ya sauka kan faranti kuma sai a hankali.

Ran Talata ta dawo da la'asar, ko mayafi ba ta cire ba ta hau kansa. Ta kwance bakin injin ta wanke, ta sa sabo. Ta ƙara zafi, ta rage zafi. Ta rage gudu har injin ya koma tafiyar hawainiya. Ta kifa masa ƙaton kwali don kada iska ta taɓa shi, ta kashe fanka, ta rufe taga, ta zauna a ɗakin nan a tsakiyar Afrilu gumi na bin bayanta har ƙugu. Awa biyu da rabi tana sauraron tas, tas, tas. Na takwas ya fito ya fi na bakwai muni.

Da ta fito shan iska sai ta ga akwatin ƙarfen Baba, wanda ya shekara goma a saman kabad, an sauko da shi an goge.

"Baba, wannan fa?"

"Ƙura na kakkaɓe masa. Ke ci gaba da tuyarki."

Ran Laraba ta rasa wanda za ta huce a kansa, sai ta ɗauki talho ta aika wa Amadou saƙon murya mai tsawo. Ta ce an cuce shi, jabu aka sayar masa, ko kuma shi ne ya je ya kwaso na arha, Allah ne kaɗai ya sani. Ta ɗora masa hoton gawarwakin da ke cikin kwano, ta naɗi ƙarar injin ta haɗa. Amadou mutum ne mai sanyi, bai kula da zargin ba. Ya amsa a taƙaice: "Yaya, zaren ya sha ruwa. Nilon haka yake, laima yake zuƙa daga iska. Ƙarar da kike ji ruwan ne ke tafasa a bakin injin. Ki busar da shi."

Zuwera ta yi dariyar takaici ita kaɗai. Ruwa? A Yamai? A watan Afrilu? Garin da in ka shanya wanki, kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe ƙarau? Garin da leɓe ke tsagewa, biredi ya kwana ya zama katako? Shi yana can inda sama ke yoyo kullum, ya ɗauka ko'ina haka ne. Ban da haka ma, a bokiti mai marfi take rufe bobin, da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, kullum ta dawo a nan take samunsa yadda ta bar shi. Ta rubuta masa, "Ka manta garinku," ta ajiye talho. Ta sake kwance injin tun daga sama har ƙasa tana neman laifin da ba shi da shi. Na tara ya bi sahun 'yan'uwansa, bobin kuma ya rame, har ana hango baƙin cikinsa ta tsakanin zaren.

Allah da ikonsa, ran Alhamis ta manta jakar kayan aikinta a gida. Sai da ta isa Koira Kano ta tuna, ta lallaɓa da na aro har rana ta take, da aka kawo wata na'ura da ba ta gyaruwa sai da nata kayan, dole ta hau moto ta sake haye gada cikin ranar nan mai narkar da kwalta. Ta shigo gida wajen ƙarfe ɗaya, maƙogwaro a bushe, ta nufi randa kai tsaye.

Randar na can lungun da ya fi ko'ina sanyi, bisa yashi mai danshi. Gefenta nan ne Baba ke ajiye goronsa, a naɗe cikin wani tsohon ƙyalle shuɗi, guntun zanen Inna, da yake yayyafa wa ruwa safe da yamma don kada goron ya yi yaushi. Ta duƙa za ta ɗauki moɗa, sai ta ga ƙunshin goron ya yi girman da bai saba ba. Ya yi faɗi, ya yi da'ira. Ta sa yatsa ta ɗaga bakin ƙyallen.

Bobin ɗinta ne. Sharkaf, har ɗigon ruwa na sheƙi a jikin zaren.

Ta miƙe da shi a hannu. Kwana nawa tana gasa kanta a ɗaki? Baki nawa ta canza? Ta zagi injin, ta zagi kamfani, ta ci mutuncin Amadou, ashe ɓarnar a gindin randa take kwana.

"Baba!"

Ya leƙo daga ɗakinsa da carbi a hannu. Da ya ga abin da ke hannunta sai ya yi ɗan murmushin wanda aka kama yana aikin alheri a ɓoye. "Af, kin dawo da wuri. Ai da la'asar nake goge shi in mayar miki cikin bokitin."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ce taurin kai gare shi. Na taɓa na ji, a bushe yake ƙamas, ko lanƙwasuwa ba ya so. Uwata, zare in ya bushe a bazara tsinkewa yake yi, wannan kowane tela ya sani. Ni shekara arba'in ina naɗe nawa a ɗanyen ƙyalle. Da na ga kullum kina fitowa rai a ɓace, sai na ce ruwan ne bai isa ba, na ƙara."

"Ka ƙara!"

"Jiya ma har na ɗan tsoma shi."

Wallahi da ta yi shiru a nan da ta huta. Amma zafin rana, da kwana huɗu na takaici, da akwatin nan da aka goge, duk suka taru a bakinta. Ta fizge ƙyallen daga jikin bobin ta yar da shi a ƙasa, a tsakiyar gida.

"Wa ya aike ka? Don Allah wa ya aike ka, Baba? Kai ne ka lalata mini komai! Kana zaune kana mini ba'a da masa da tanda, ashe kai ke kashe aikin! Wannan ba zaren surfani ba ne, ba aikin tsofaffin teloli ba ne. Abin da ba ka sani ba ka bar shi mana!"

Gidan ya yi tsit, har ana jin rediyon maƙwabta. Murmushin ya bar fuskar tsoho a hankali. Ya tako, ya dafa gwiwar nan tasa mai ciwo, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ƙyallen, ya kakkaɓe yashin da ya manne masa, ya ninke shi huɗu. Tana tsaye tana kallo, ba ta taya shi ba, kuma wannan ne abin da ya fi damunta daga baya.

"Gaskiyarki, Madam," ya ce. Ya koma ɗaki ya saki labule.

Madam. Tun da aka haife ta bai taɓa kiranta haka ba. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, amma haushin bai gama sauka ba, ga kuma Asabar saura kwana biyu. Ta ce a ranta, bari in gyara keken tukuna, in ya ji yana kuka zai huce. Haka mutum yake yi wa kansa dabara in ban haƙuri ya yi masa nauyi.

Sai neman yadda za a busar da zaren. Amadou, da ta kira shi tana ta kame-kame, ya ce yana son zafi kamar digiri saba'in ko tamanin, awa shida zuwa takwas, kada ya wuce ya narke. Ba ta da tanda mai awo. Amma a ƙofar gidan maƙwabciyarsu Rahina akwai motar mijinta, ta shekara biyu a fake ba taya, rana na dukanta tun fitowa har faɗuwa. Ta je ta roƙi makulli.

"Zare za ki dafa a mota?" in ji Rahina. "Ikon Allah. Ku 'yan boko ba ku rabo da abin mamaki. Ungo, in ya nuna a sammana."

Ta ɗora bobin a gaban gilashi, ta sa ma'aunin zafi na wajen aiki kusa da shi, ta ɗan sassauta taga don tururi ya samu hanya. Allurar ta hau har saba'in da huɗu. Ranar nan da ta saba tsinewa, yau ita take roƙon kada ta faɗi. Ya sha rabin yinin Alhamis, ran Juma'a ta ɗauki izini a wajen aiki ya sha yini guda, tana zuwa tana juya shi da tsumma don ƙarfen motar ba ya taɓuwa.

Baba kuwa tun Alhamis ba masa, ba tanda. In ta kai abinci ya ce an gode. In ta gaishe shi ya amsa, ba ƙari. Da ya dawo daga masallacin Juma'a sai ta ji ƙarar jan ƙarfe a kan siminti, ta leƙa, ta ga shi kaɗai yana tura keken zuwa zaure, yana hutawa bayan kowane taku biyu. Ta zo za ta kama masa ya ce, "Bar shi, aikin tsofaffin teloli ne." Ta koma ɗaki ta ciji yatsa.

Da la'asar ta ɗora busasshen zaren. Ta kasa kunne. Shiru. Ba tas, ba hayaƙi, sai ɗan zuu na injin, layi na kwanciya kan layi sumul. Ta ji hawaye na neman zubo mata. Finyo ya kai rabi, haƙora sun fito reras, sai fanka a ɗakin Baba ta yi wani ɗan kuka ta tsaya. An ɗauke wuta. Bakin injin ya sandare a tsakiyar aiki, ya bar ɗigon roba a kan haƙori na goma sha ɗaya.

Ba ta ma yi ihu ba, ƙarfin ihun ya ƙare. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Da aka dawo da wutar bayan magariba ta warware abin da ya rage a bobin ta auna da tef ɗin Baba da ke rataye a ƙusa. Na finyo ɗaya ne, da ɗan ragowar da bai kai kamu biyu ba. Ta rufe shi a bokiti, wannan karon ta kai bokitin ƙarƙashin gadonta.

Ran Asabar tana idar da sallar asuba ta kunna injin. Ta zauna gabansa ba ta ko motsi, ido ɗaya kan faranti, ido ɗaya kan ƙwan lantarki, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Wuta dai ta yi mata kara. Ƙarfe tara saura injin ya ja bakinsa gefe ya tsaya. Ta bari faranti ya huce, ta sa wuƙa a hankali ta ɗaga. Fari tas, haƙora ashirin da huɗu, ko sili ɗaya babu. Ta danna da yatsa, ya ƙi.

Ta aika wa Amadou hoto. Amsa ta zo nan take. "Barka! Amma kada ki dasa shi yanzu. Yadda ya fito a bushen nan gautsi gare shi, in kika matsa shi a kan ƙarfe yana iya tsagewa. Yanzu ne yake son laima. Ki naɗe shi a abu mai danshi ya kwana, ko kwana biyu ma, sai ya yi ƙwari."

Ta karanta sau uku. Ta dubi sama ta ce, "Haba! Haba dai!" A daidai nan aka yi sallama a ƙofar gida, da ƙarar tayar amalanke.

"Fofo, Baba! Mun zo ɗaukar tsohuwa." Garba ne, da igiya a kafaɗa.

Ta fito da gudu ta same su a zaure. Baba na zaune kan benci da hularsa ta fita, Garba har ya fara zagaya igiya a wuyan keken. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna finyon. Tsoho ya kalla, kuma duk da fushin, idonsa ya tsaya a kai, don ya san abu mai kyau in ya gan shi.

"To," ya ce. "Sa mu gani. In ya juya, Garba ya koma. In bai juya ba, ya ɗauka."

Ga keke, ga finyo, ga sukurdireba a aljihunta. Minti goma ya isa. Zuciyarta na ce mata ki sa kawai, wataƙila ba zai tsage ba. Amma ramin finyon ta yi shi matsattse don ya kama ƙarfen, sai an danna da ƙarfi zai shiga, kuma in ya tsage babu wani zaren, babu wata Asabar. Ta tsaya tana juya shi a hannu.

"Ba zai sawu yau ba, Baba."

"Na ji. Garba, ɗaure."

"Kala suuru, Madam," in ji Garba, yana jan igiya. "Haƙuri. Ƙarfe ma yana tsufa."

Sai ta durƙusa. A nan zaure, gaban Garba, gwiwa biyu a ƙasa, abin da rabonta da yi tun tana 'yar lakwal.

"Baba, na yi maka rashin kunya, na yar da zanen Inna a ƙasa, na bar ka ka sunkuya. Ban da hujja. Ka yafe mini." Ta ɗago kai ta ci gaba. "Kuma abin nan, kafin a buga shi ne ba ya son ruwa. Yanzu da ya fito, in bai sha danshi ya kwana ba tsagewa zai yi. Ni ban iya ba. In na jiƙa zan cika ruwa ko in rage. Kai ka san daidai."

Malam Halidu ya dube ta. "Shekaranjiya ruwa ne ya kashe aiki. Yau kuma ruwa ne magani."

"Haka ne, Baba."

"Kuma tsohon tela ake nema."

Ta sunkuyar da kai. Garba ya tsaya da igiya a hannu, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya rasa ta wa zai bi. Wani mai moto ya wuce a waje yana ta oda. Zuwera ta san in ya ce ɗaure a karo na biyu, an gama.

Tsoho ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ƙyallen shuɗin. Tun Alhamis bai mayar da shi gindin randa ba, a jikinsa yake yawo da shi, har ya bushe. Ya warware, goro uku ne a ciki, sun fara yaushi. Ya miƙa wa Garba duka ukun.

"Ungo, na wahalar hanya. Kwance igiyarka."

"In dawo yaushe, Baba?"

"In na neme ka."

Ya karɓi finyon daga hannunta, ya kai shi kusa da ido, ya bi haƙoran da farce ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, har ashirin da huɗu. Ya ɗora shi a tsakiyar ƙyallen, ya ninke gefe huɗu yadda yake yi wa goro. Sannan ya miƙo mata hannu ta kama shi ya tashi.

"Ɗebo mini a moɗa, Uwata," ya ce. "Rabi kawai. Ni zan yayyafa, ke hannunki nauyi gare shi."